Kunnen zomon katako ya ɓalle, ɗayan ya tsage: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan koyon kafinta ne a Tudun Wada, Gusau. Na iya kujera da tebur da ɗan kabad. Wata mata mai makarantar ƙananan yara a Sabon Gari ta nuna mini hoto a wayarta, 'yan ƙananan zomaye na katako irin waɗanda Turawa ke jerawa a kan tebur da bakin taga idan sanyinsu ya wuce. Ta ce in yi mata talatin kafin hutun bikin Ista na Kiristoci, wasu na adon aji, wasu kyautar yara. Na gwada biyu da guntayen katakon shago. Na farko kunnensa ya ɓalle tun ina gogewa, na biyu kuma ya tsage daga gindi bayan 'yan kwanaki. Wane itace zan nema, yaya ake yanka shi, kuma wane fenti ya dace?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ka, abu uku kake nema: itace, yanka da fenti. Amma kafin mu je can, ka lura cewa zomayenka biyu ba ciwo ɗaya ya kashe su ba. Wanda kunnensa ya ɓalle, yadda ka kwantar da zanen a kan katakon ne ya jawo. Wanda ya tsage kuwa, ruwan da ke cikin itacen ne bai gama fita ba. Ko maɗaci mafi kyau a kasuwar 'yan katako aka ba ka kyauta, in ba ka gyara waɗannan biyun ba, abin da ka gani shi za ka sake gani. Don haka a kansu zan fi daɗewa, sauran kuma mu bi su da sauri.

Inda abin ya samo asali

Wannan ado na Jamusawa ne tun asali. Tun a 1682 akwai rubutun wani likita Bajamushe da ya ambaci yadda ake gaya wa yara cewa zomo ne ke ɓoye musu ƙwai a lambu lokacin Ista. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Fensilbeniya a ƙarni na 18 suka tafi da al'adar Amurka, daga can ta bazu ta zama kayan kasuwa. A gabashin Jamus akwai wani ƙauye a kan duwatsu, Seiffen, wanda mutanensa masu haƙar ma'adinai ne a da. Da haƙar ta ja baya sai suka koma sassaƙa kayan wasan yara, har yau da shi aka san su. 

Abin da ya shafe ka a cikin wannan tarihi shi ne yanayi. Ista tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A wurinsu lokacin ne ƙanƙara ke narkewa, ciyawa ke tsirowa, iska na da laima. A Gusau kuwa tsakiyar bazara ce, zafi na haura digiri 40, iska a bushe ƙarau bayan watannin hunturu. Itatuwan da suke amfani da su ba mu da su, kuma umarnin da za ka gani a bidiyonsu an tsara shi ne don katakon da aka busar a inji, aka ajiye a ɗaki mai sanyi. Saboda haka ka ɗauki siffar daga wurinsu, amma dabarar itace ka ɗauke ta daga masassaƙanmu.

Dalilin da kunne ke ɓallewa

Ɗauki karan dawa ka gwada. Tsaga shi a tsaye abu ne mai sauƙi, ko da farce. Yanke shi a gicciye kuwa sai da wuƙa. Haka itace yake: jijiyoyi ne dogaye a jere, daga gindin bishiya zuwa sama, masu ƙarfi a tsawonsu, amma abin da ya manne su da juna a gefe ba shi da ƙarfi sosai. A kan tebur ko kujera ba ka cika jin wannan ba, saboda falanki dogo ne kuma kana bin tsawonsa ko ba ka yi niyya ba. A ƙaramin abu irin zomo ne asirin ke tonuwa.

Ina kyautata zaton ka zana zomon a zaune, jikinsa ya bi tsawon falankin, kunnuwa suka miƙe sama. To ka ga jijiyar katakon ta ratsa kunnen a gicciye ke nan. Kunnen ya zama gajerun jijiyoyi da aka ɗora kan juna, kowace ba ta fi faɗin kunnen ba, babu ko ɗaya da ta taso daga kai ta shiga cikinsa. Samfefa kaɗai ta isa ta ɓalle shi, balle hannun yaro ɗan shekara huɗu. In kana da guntun da ya karye, duba bakin karayar. In ya fita sumul a miƙe kamar an yanka, ba tare da tsirarun zaruruwa ba, to maganar ke nan.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Ka juya zanen har sai layin katakon ya bi kunnen daga gindinsa zuwa tsininsa. In kunnuwan sun ɗan kwanta baya, ka karkata zanen gaba ɗaya ya bi su, ko da jikin zai zauna a karkace a kan falankin. Jiki na da kauri, zai jure duk yadda jijiya ta ratsa shi. Kunne ne ba ya jurewa. Za ka ɗan yi asarar katako a gefe, amma gara wannan da asarar aikin yini.

Bayan wannan akwai dabarun ƙarfafawa da nake bi, gwargwadon wanda zai riƙe abin. Na adon aji, da za a ɗora a kan kanta ba mai taɓawa, za ka iya barin kunnuwa biyu a tsaye a rabe, amma kada gindin kowane ya gaza santimita ɗaya a faɗi in tsayin zomon ya kai santimita 12. Na kyautar yara kuwa, ni ba na raba kunnuwan har ƙasa. Ina barin su a haɗe, in tsaga tsakaninsu daga sama kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran in ja layi da wuƙa kawai, ido ya ga biyu alhali katako ɗaya ne. Wanda ya fi duka ƙarfi shi ne zomo a laɓe, kunnuwa kwance a gadon baya. Wannan ko daga kan benci ya faɗo ba abin da zai same shi, kuma shi ne yadda zomon daji ke yi idan ya ji motsi, don haka ba wanda zai ce bai yi kama ba.

Wasu kan yanka kunnen daban, su fere gindinsa ya zama kewayayye, su huda kai su cusa da gam. Yana aiki, kuma yana ba ka damar karkata kunne ɗaya gaba ɗaya baya, abin ya yi rai. Sai dai aiki ne ninki biyu, ga talatin ban ba ka shawara ba.

Akwai kuma wurin da kunne ya haɗu da baya. Kada ka bar wannan lungu da kaifi, domin daga kusurwa mai kaifi tsaga ke farawa. Kafin ka sa zarto, huda wurin da bakin dirili na milimita 6 ko 8, sannan ka yanko daga ɓangarorin biyu ka tarar da ramin. Lungun zai fito a kewaye, kuma zarton ya sami wurin juyawa.

Dalilin da na biyu ya tsage

Ɗanyen itace cike yake da ruwa. Yayin da yake bushewa, ruwan da ke cikin ramukansa ne ke fara fita, a wannan matakin girmansa ba ya canzawa. Sai laimar ta sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100 ne yake fara tsukewa, kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. A tsawo kusan ba ya motsi. A kewayen zoben shekarunsa yana tsukewa kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan rashin daidaito shi ke yaga shi. Shi ya sa duk reshen da aka bari da zuciyarsa a ciki sai ya tsage, komai lallashin da aka yi masa. Bakin yanka kuma ya fi gefe saurin sakin ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa tsagar taka ta faro daga gindi.

Yawancin katakon da ke shigowa Gusau daga kudu yake zuwa, inda iska ke da laima duk shekara. Falankin da ya bushe a can, in ya iso nan a watan Maris, ɗanye ne a lissafinmu. A damina katakon da ke ɗaki a nan kan riƙe laima wajen kashi 14 zuwa 16, a ƙarshen rani kuma ta sauko wajen kashi 5 ko 6. Ka yanka ƙaramin abu daga sabon falanki, ka buɗe masa baki ta ko'ina, ka ajiye a shago mai rufin kwano, ai dole ya yi magana.

Ba ka da na'urar auna laima, ni ma ba da ita na koyi aiki ba. Sikeli ya isa. Yanki guntu, ka kai wa mai shagon da ke da sikelin lantarki ya auna maka, ka rubuta nauyin da fensir a jikinsa. Bayan kwana uku ka sake. Muddin nauyi na raguwa, ruwa na fita. In ya tsaya cak har mako guda, ya yi. Kafin nan ka jera katakon a inuwa, ba a rana ba, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a ɗage daga ƙasa saboda gara. Bakunan biyu ka shafe su da narkakken kyandir ko ragowar gam, don su rage gaggawa. In reshe ne ka samo, ka fasa shi biyu ta tsakiya tun yana ɗanye, ka fere zuciyar ka jefar.

Tunda lokaci ya ƙure maka, hanya mafi sauƙi ita ce tsohon katako. Ƙafar tsohon gado, ƙyauren kabad da aka kawo gyara aka bari, falankin da ya shekara a saman shago. Wannan ya riga ya sha rani da damina, ya gama duk motsin da zai yi. Sharaɗi ɗaya: kada ya zama wanda aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, irin na rufin ɗaki. In katakon akwatin kaya ne daga waje, duba hatimin da ke jikinsa. Mai HT da zafi aka gasa shi, ba laifi. Mai MB da hayaƙin guba aka feshe shi, bar shi.

Wane itace

In ni ne a matsayinka, malaina zan nema. Tana da sauƙin samu, ba ta da nauyi, wuƙa na shigarta lafiya, ba ta cika motsi ba in ta bushe, kuma farinta na karɓar launi. Aibinta ɗaya, tana da jinkirin bushewa a ciki ko da waje ya yi kamar ya bushe, don haka gwajin sikelin nan wajibi ne a kanta. Obeche, wanda wasu ke haɗawa cikin farin katako, ya fi ta laushi da sauƙin yanka, amma ƙwaro na son sa, ka ga gari na zubowa daga 'yan ramuka, kuma ƙurarsa na tayar wa wasu da asma. In da shi za ka yi, ɗaura ƙyalle a hanci, ka kuma ƙara wa kunnen kauri.

Maɗaci ya fi su kyau in ba fenti za a shafa ba, jan nan nasa kaɗai ado ne. Sai dai jijiyarsa a sarƙe take, ka fere nan lafiya, ka matsa kaɗan ta tashi ta yage. Yana son kaifi sosai da haƙuri. Aduwa, wadda ake allo da ita, ita ce na fi so ga ƙaramin aiki mai son tsafta, domin naman itacen a matse yake, yana riƙe layi, kuma in an goge shi yana sheƙi ko ba mai. Wuyarta samun busasshiya mai faɗi. In kana da sani da masu sassaƙa allo, guntayen da suke zubarwa sun ishe ka zomo. Ɗanya ma masu akushi sun san daɗinta, tana da laushi tana ɗanya.

Dogon yaro ga shi ko'ina, ƙwari ba sa son sa, amma reshensa na da saurin tsagewa kuma yana da wari da ɗaci, ban so shi ga abin da yaro zai kai baki. Ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera, za ta cinye maka kaifi a banza. Rimi da gurjiya sun yi laushi da yawa, kunnen zai marmashe. Madobiya kuwa ka bar ta inda take. An sare ta fiye da kima don fitarwa waje, har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ke sa wa ido tun 2017, ba abin da zomon ado zai ƙara mata sai ɓarna.

Filawud fa? Mai kauri milimita 12 yana kashe matsalar jijiya gaba ɗaya, saboda an gicciya shimfiɗunsa. Ga na adon bango ko na rataya ya wadatar. Amma gefensa ba kyau, mai araha na da ramuka a ciki, kuma damina ɗaya ke sa shi ɓarewa. Na hannun yara dai katako na gaske.

Yadda nake yi

Kafin ka zana komai, je gidan mai kiwon zomaye ka tsuguna ka kalle su na ɗan lokaci. Za ka ga abin da hoto ba ya nunawa. Ƙugu ya fi kafaɗa tudu da girma, wuya kusan babu shi, ido a gefen kai yake can sama, kunne kuma daga bayan ido yake tasowa, ba daga tsakar ka ba. Masu farawa kan sa ido a gaba su tsawaita wuya, abin ya fito kyanwa ko ɓera. In kana son na daji, ƙara tsawon kunne da ƙafar baya, ka baƙanta tsinin kunnen. Ni na fi son sa, ya fi siffa, kuma yaranmu shi suka sani a tatsuniya.

Zana shi daga gefe a kan kwali, tsayi kamar santimita 12, ka yanke. Katako mai kaurin inci ɗaya, a goge shi da filen fuska biyu. Ɗora kwalin, juya shi har kunne ya bi jijiya, zagaye da fensir. Huda lungunan. Sannan ka yanka da ƙaramin zarto mai siririn baki na yanka lanƙwasa, ko injinsa in maigidanka na da shi kuma akwai wuta. Ka bar layin fensir ɗin a jikin aikin, kada ka cinye shi. Inda lanƙwasar ta matse, yi 'yan yanka daga waje zuwa layi tukuna, guntayen su riƙa zubewa da kansu, bakin zarton ba zai murɗe ba.

Daga nan sai kashe kaifin gefe. Wuƙa gajeriya ta fi, bakinta kada ya wuce santimita 4. Kowane maƙeri zai fitar maka da ita daga tsohon bakin zarton ƙarfe, ka ɗaura mata ƙota. Wasa ta a dutse, ka ƙarasa a kan guntun fata har ta aske gashin hannu. Riƙe zomon a hagu, babban yatsan hagu a bayan wuƙar yana tura ta, hannun dama yana saita hanya kawai. Ɓawon da ke fita ya zama siriri yana naɗewa. Da ka ji wuƙar ta nutse, katako ya fara ɗagowa a gabanta maimakon yankuwa, tsaya nan take, ka juya aikin ka biyo daga ɗaya ɓangaren. In jijiya ta bi tsawon jiki, kamar a zomon da ke laɓe, a gadon baya kana gangarowa ne daga tudun ƙugu zuwa ɓangarorin biyu, ba ka hawa. Naɗa tsumma ko fata a yatsan da ke kusa da kaifi. In wuƙa ba ta zauna maka ba tukuna, magagari zai yi aikin, sai dai ya fi cin samfefa daga baya.

Kunne shi ne na ƙarshe. Ka bar shi da kaurinsa har ka gama jiki, domin shi hannunka ke dannawa ba ka sani ba. In ka zo kansa, fere daga gindi zuwa tsini, ka tallafe bayansa da yatsa, ka ɗan kwarfe cikinsa kaɗan. Tsinin kada ya yi kaifi, idon yara ake ji.

Samfefa lamba 80, sai 120, sai 220, kullum bin jijiya. Bayan ta ƙarshe shafa jiƙaƙƙen tsumma, ka bari ya bushe. Za ka ji ya yi gashi-gashi, ka sake bi da 220 a hankali. In ka tsallake wannan, fentin ruwa ne zai tayar da gashin, aikin ya yi kaushi. Gindin kuma ka goge shi a kan samfefar da aka shimfiɗa a kan gilashi ko tayil, ya zauna daram. Ajiye shi a tebur ka bugi teburin da hannu. In ya faɗi, sai an yi masa ɗan dandamali, a haɗa da turun katako da farin gam, ba kusa ba. Ido kuma ƙona shi za ka yi: kusa mai inci huɗu, a goge tsininta, a sa a garwashi, a dangwala sau ɗaya, yadda masu zanen ƙwarya ke yi. Kada ka manna dutsen ado ko maɓalli. Duk abin da zai iya ɓallewa ya shige bakin yaro ɗan ƙasa da shekara uku, ba shi da wuri a wannan aiki. Wutsiyar auduga ma a na aji kawai.

Fenti

A nan ba na sassautawa. Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wancan daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce da wadda ake samu a wasu fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin shan ta. Iyakar da ƙasashe da dama suka sa ita ce kashi 90 cikin miliyan, abin da ido ko hanci ba zai taɓa gane maka ba, sai ɗakin gwaji. Tunda ni da kai ba mu da wannan, sai mu kauce: ba fentin mota, ba fentin ƙarfe, ba wanda ake aunawa a kwalba babu suna, ba ragowar gwangwanin da ba ka san asalinsa ba. In launi matar ke so, nemi fentin ruwa irin na 'yan makaranta masu zane, ka karanta jikin robar. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma da safe a inuwa, don zafin rana na busar da sama ya bar ƙasa.

Ni dai da za ta yarda, ba zan sa fenti ba sam. Kakin zuma kashi ɗaya, man kaɗanya kashi uku, a narka a gwangwani cikin ruwan zafi, a bari ya daskare. A shafa da tsumma, a bar shi ya kwana, a goge da busasshen ƙyalle. Malaina na yin ruwan zuma, maɗaci ya yi ja wur. Kada ka sa man gyaɗa, yana ɗoyi in ya daɗe, yana kiran kiyashi. In ana son ɗan launi kafin man, ruwan lalle na ba da ja-ja, shayi mai kauri na ba da ruwan ƙasa, karan dafi na dukawa ya fi su ja. Baƙin tsinin kunne kuma, shafa ruwan bagaruwa, in ya bushe ka ɗiga ruwan da aka jiƙa tsatsattsun kusoshi da tsami a ciki, nan take zai yi duhu. Ka fara gwadawa a guntu, domin kowane itace da yadda yake karɓa, kuma waɗannan launukan na kodewa in rana na dukan su kullum.

Wata magana da za a yi maka

Tunda a Gusau kake, wani zai leƙo shago ya tambaye ka hukuncin sassaƙa surar abu mai rai. Gara ka yi tunaninta tun yanzu. Abin da aka fi sani a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne an hana mutum-mutumin abu mai rai cikakke wanda ke da inuwa, an sassauta a kan zane na shafe, an kuma keɓe kayan wasan yara saboda hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Inda zomon ado na kan kanta ya faɗa a cikin wannan, da kuma batun yin sa don bikin da ba naka ba, ba aikin kafinta ba ne ya yanke. Je wurin malamin da ka amince da shi, ka kwatanta masa ainihin abin da za ka yi da wanda zai karɓa. Na san abokan sana'a da ke yin na shafe kawai babu ido babu baki, na san masu yin na wasan yara su bar na ado, na kuma san waɗanda ba sa karɓar irin wannan aiki ko kaɗan. Duk abin da na faɗa a kan jijiya da bushewa yana nan daram ko mota ko jirgi ko harafi ka koma yankawa.

Haka kuma in cikakkiyar sassaƙa take so, mai ƙafafu huɗu a rabe da za a kalla ta kowane gefe, wannan fagen masassaƙa ne masu gizago, ba nawa ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, talatin irin wannan ba za su kammalu kafin hutu a hannun mai koyo ba.

Yadda za ka fitar da talatin

Yi ɗaya tak ka gama shi tsaf, ka kai mata ta gani, ta riƙe, ta amince da girma da launi, ka karɓi kafin alƙalami. Ka lura da awannin da ya ci maka, da su za ka yi kuɗi, ba da girman katakon ba. Masu saye kan ga abu ƙarami su ɗauka araha ne, alhali ƙaramin aiki ya fi cin hannu. Ka gaya mata haka tun farko, kuma ka ba ta zaɓi biyu, na shafe mai kashe gefe kawai da wanda aka fere sosai, kowane da kuɗinsa.

In ta amince, mayar da zanen kwalin kan filawud siriri don kada bakinsa ya lalace. Mutanen Seiffen da na ambata suna da dabarar fitar da siffar dabba a jikin zoben katako guda a kan injin juyi, sannan su riƙa tsaga shi yanki-yanki, kowane yanki dabba ɗaya. Ba mu da wannan injin, amma tunanin na da amfani: in da inji kake yanka, haɗa falanki biyu da ƙananan kusoshi a wurin da za a zubar, ka yanka su tare. Kuma kada ka gama ɗaya ka koma wani. Zana duka, huda duka, yanka duka, fere duka. Hannu na saurin sabawa in yana maimaita abu ɗaya, kuma za su fito kusan girma ɗaya, yara ba za su yi rigimar na wane ya fi ba. Ka yanka huɗu ko biyar a kan talatin ɗin, domin wani zai fito da ƙulli ko ɓoyayyar tsaga.

Wajen kaiwa, naɗe kowane a takarda, ka jera su a kwali kai da ƙafa yadda kunnen wani ba zai danne na wani ba, kwalin kuma a kan cinya a cikin Keke, ba a ƙasa ba. Ka gaya mata kada a jera na ajin a bakin tagar da rana ke duka ko feshin ruwan farko zai iske su. In an dawo maka da wanda kunnensa ya karye, kada ka shafa gam kawai ka manna. Huda ɓangarorin biyu da bakin dirili na milimita 2, ka sa tsinken sakace a tsakiya da farin gam, ka ɗaure da roba ya kwana.